Fashin Baƙi: Yadda Ake Ƙara Wi-Fi a Gidan da Aka Riga Aka Ja wa Kebul

Mu ɗauki gida guda mu yi misali da shi, irinsa kuwa suna da yawa. Bene ne, an gina shi shekara goma sha da suka wuce. Mai gidan mutum ne mai hangen nesa, domin tun ana ginin ya sa aka binne fayif a bango, aka zura kebul ɗin intanet zuwa falo, da ɗakin karatu, da ɗakuna biyu na sama. Duk sun je sun haɗu a wani ɗan sito da ke ƙarƙashin matattakala, inda aka ajiye rawuta da suwic. Kwamfutar tebur tana aiki, firinta tana aiki, na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro ita ma lafiya lau. Sai zamani ya juya. Yau mutum goma ne a gidan, kowa da wayarsa a hannu, kuma babu wayar da ke da ramin soka kebul. Rawutar da ke sito ko dai ba ta da Wi-Fi gaba ɗaya, ko tana da shi amma da kyar yake leƙo falo, balle a yi maganar sama.

Da yake a Hausa "waya" tana nufin wadda ake kira da ita, tana kuma nufin zaren ƙarfen da ke cikin bango, zan riƙa cewa kebul idan ina nufin na bangon, don kada mu rikice.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su shiga kasuwa su sayi rawutar da ta fi kowace yawan eriya, su dawo su soka mata kebul ɗin falo. Ranar farko kowa yana murna. Bayan kwana biyu sai a ce waya ba ta ganin firinta, ko an kasa tura bidiyo daga waya zuwa talabijin, ko kuma waya ta nuna ta haɗu da Wi-Fi amma babu abin da ke buɗewa. Daga nan sai a ɗora laifi kan kamfanin intanet, ko a ce an sayo jabu. Galibi kuwa na'urar lafiyarta ƙalau. An dai shigo da ita gidan ne aka bar ta tana yin aikin da wata ke yi tuntuni.

Akwatin da muke kira rawuta na'ura huɗu ce a cikin riga ɗaya. Akwai mai tsaron ƙofa, wanda duk saƙon da zai fita ko ya shigo sai ya bi ta hannunsa. Akwai mai raba lambobi, wanda a cikin saiti za ka ga an rubuta masa DHCP, aikinsa ya ba kowace na'urar da ta shigo gidan adireshinta, ya kuma faɗa mata inda ƙofar fita take. Akwai suwic, wato ramukan nan huɗu da ke baya masu rubutun LAN. Sannan akwai rediyon da ke watsa Wi-Fi. Gidan da muke magana a kai yana da ukun farko, kuma suna aikinsu. Na huɗun kawai yake nema. Na'urar da ke yin wannan aikin shi kaɗai ita ce masu sana'ar ke kira akses-foyin, a taƙaice AP: ta karɓi abin da kebul ya kawo ta watsa shi a iska, ta karɓi na iska ta zuba a kebul, ba ta raba lamba, ba ta tsaron ƙofa.

Sai an fahimci batun adireshin nan kafin a gane inda rikicin ke fitowa. Kamfanin intanet adireshi ɗaya yake ba gida. A ciki kuwa kowace na'ura tana da tata lambar, irin su 192.168.1.20 ko 192.168.1.105, daga cikin jerin lambobin da aka keɓe tun 1996 don amfanin cikin gida da ofis. Kamar gidan haya ne mai ɗaki ashirin: a waje lamba ɗaya aka sani, wanda ke zaure shi ya san saƙon ɗaki kaza ne ya miƙa masa. Wannan juya adireshi da ake yi a zaure shi ake kira NAT.

To, idan ka soka kebul ɗin bango a ramin WAN na sabuwar rawuta, wato wanda aka keɓe wa layin da ke shigowa daga waje, ka gina gida a cikin gida ke nan, da nasa zauren da nasa lambobin. Wayoyi za su fita intanet, amma ta zaure biyu. Matsalar ita ce waya tana gano firinta ko talabijin ne ta hanyar cigiya, ta ɗaga murya a tsakar gida ta ce wa ke nan, kuma wannan cigiyar ba ta ƙetare zaure. Wayar tana gidan ciki, firintar tana gidan waje, kowa bai ji muryar kowa ba. Kwamfutar tebur ita ma ba za ta iya isa ga abin da ke gidan ciki ba.

Idan kuma ka soka a ramin LAN amma ka bar DHCP ɗinta a kunne, abin ya fi muni. Ba a liman biyu a masallaci ɗaya. Waya za ta shigo ta nemi lamba, su biyu su amsa, ta bi wanda ya riga. In tsohuwar rawuta ce ta riga, komai ya tafi daidai. In sabuwar ce, za ta ce wa wayar "ni ce ƙofar fita", alhali bayanta bango ne. Shi ya sa irin wannan matsala take wahalar da mutane: yau ta kama wayar uwargida, gobe ta saki ta kama kwamfutar da ke kan kebul, wadda ba ruwanta da Wi-Fi. Ƙari a kan haka, rawutoci da yawa suna fitowa daga masana'anta da adireshi iri ɗaya, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, don haka sai ka tarar na'ura biyu suna amsa suna guda.

Maganin ba shi da tsada, kuma ko tsohuwar rawutar da aka jefa a durowa tana iya yin aikin. Sababbi da yawa suna da zaɓi a cikin saiti mai mayar da su AP da latsawa ɗaya, sai dai a duba takardarsu a ga ramin da suka ce a soka kebul. Wadda ba ta da wannan zaɓin, da hannu ake yi, kuma jerin matakan yana da muhimmanci. Kada a haɗa ta da gidan tukuna. A jona ta da kwamfuta ita kaɗai, a buɗe burauza a shiga adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinta. A fara sauya mata adireshi zuwa wanda ya dace da dangin lambobin gidan amma yake wajen waɗanda babbar rawuta ke rabawa. Misali, idan babbar tana 192.168.1.1 kuma tana raba daga 100 zuwa 199, a ba ƙaramar 192.168.1.2. Idan intanet ɗin gidan daga rawutar Huawei mai layin 4G yake zuwa, yawanci za a tarar da ita a 192.168.8.1, sai ƙaramar ta zama 192.168.8.2. Bayan nan a kashe DHCP, a sa sunan Wi-Fi da kalmar sirri, sannan a soka kebul ɗin bango a ɗaya daga ramukan LAN, a bar WAN fayau. Shawarata a rubuta sabon adireshin a ɗan tef a manna a jikinta, domin bayan shekara guda babu mai tuna shi.

Akwai lokacin da ake juya tsarin: akwatin kamfani ba shi da saiti masu yawa, mai gida yana so tasa rawutar ta riƙe ragama. A nan akwatin kamfanin ake sa wa ya sauka daga kujera ya zama gada kawai. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana da irin wannan zaɓi a manhajarsa. Ko ta wace hanya aka bi, mai raba lamba ɗaya ake so a gidan.

Yanzu sai wurin da za a kafa ta, kuma a nan ne na fi ganin kuɗi suna tafiya a banza. Mutane suna ɗauka cewa idan na'ura ta yi ƙarfi za ta ratsa komai. Ka tuna ladan da lasifikarsa: kana can ƙarshen unguwa kana jin sa tangaran, amma in ka amsa masa daga nan ba zai ji ka ba. Wi-Fi hira ce ta ɓangare biyu. Ko AP ta yi ihu ta ratsa bango uku, wayar da ke hannunka da ɗan ƙaramin batirinta da ɗan eriyarta dole ta mayar da amsa ta ratsa bangon nan uku. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga sandunan sigina a cike, shafi kuma ya ƙi buɗewa.

Ginin ma yana da tasa rawar. Mafi yawan gidajen Amurka da katako da allon farar ƙasa ake raba ɗakunansu, sigina tana wuce su ba wuya. Namu kuwa bulo ne mai inci tara da shafen siminti ciki da waje, ga dekin na kankare cike da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga rufin kwano. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta, kankare mai kauri yana cinye rabonsa. Katangar ƙasa mai kauri ita ma ba ta barin ta ta wuce salin alin. Saboda haka faɗin filin da ake yi wa alkawari a jikin kwali kada a ɗauke shi ma'aunin gidan bulo. A gidanmu na misali, AP biyu matsakaita, ɗaya a falon ƙasa ɗaya a ɗakin sama, sun fi babbar guda ɗaya nesa ba kusa ba. Kuma ga inda mai gidan ya ci ribar hangen nesansa: kebul yana nan a wuraren biyu, shi ya riga ya ratsa dekin ɗin da iska ta kasa ratsawa. A ɗaga AP sama, a silin ko saman bango, a tsakiyar inda mutane ke zama. Bayan talabijin, cikin kabad ɗin ƙarfe, ƙasan kujera, kusa da tankin ruwa, duk wuraren kashe sigina ne.

Ba sai an yi cinta ba. Akwai manhajojin Android masu nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gaba. Kusan -50 yana nufin kana daf da ita. A -67 kira da bidiyo suna tafiya lafiya, kuma ita ce iyakar da masu sana'ar suka saba auna aikinsu da ita. Da ka kusanci -80 sai katsewa. Duk raguwar maki 3 tana nufin ƙarfin ya rabu biyu, don haka tazarar -60 da -70 ninki goma ce. A zagaya gida da waya a hannu kafin a huda bango.

Wi-Fi na gida yana tafiya ne a kan zangon rediyo biyu da aka fi sani, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkushe yake, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta kicin duk a nan suke. Tashoshinsa suna hawa kan juna, uku ne kawai ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Na 5 ya fi gudu, tashoshinsa sun fi yawa, sai dai bango yana saurin karya shi. A gida mai AP biyu, a ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da irin tsaro ɗaya, amma tasha daban: ta ƙasa a 1, ta sama a 6 ko 11. Wani abin da mutane ba sa tsammani shi ne rage musu ƙarfi yakan gyara aiki. Waya ce ke yanke shawarar lokacin da za ta saki wannan ta kama waccan, kuma muddin tana jin ta ƙasa ko da sama-sama, takan manne mata ko ka hau bene kana tsaye a ƙarƙashin ɗayar.

Kebul ɗin da ke bango ma a duba lafiyarsa kafin a ɗora masa sabon kaya. A jikinsa akwai rubutu. Cat5e yana ɗaukar megabit 1000 a daƙiƙa har tsawon mita 100, wanda ya ishi kowane gida. Amma sai zarurrukansa takwas duka suna aiki. Idan wanda ya matse kan kebul ɗin bai kama wasu da kyau ba, ko ɓera ya ɗan taɓa shi a silin, layin yakan sauka zuwa megabit 100 shiru, ba tare da ya mutu ba. Tsohon suwic ma yana iya zama mai 100, haka wasu rawutoci masu araha: kwali yana ɗauke da 1200 da manyan baƙaƙe, ramukan baya kuwa na 100 ne. Ita kanta 1200 ɗin jimla ce, 300 na zangon 2.4 da 867 na zangon 5 aka tara aka samu 1167, aka cika ta 1200, kuma waya a kan zango ɗaya take hawa a lokaci guda. A ƙarshe dai babu AP da za ta ba ka fiye da abin da kamfani ya shigo da shi gidan.

Batun wuta ya cancanci a tsaya a kansa, domin Wi-Fi ɗin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta rabin amfani gare shi. Kebul ɗin intanet yana iya ɗaukar wuta tare da saƙo, abin da ake kira PoE. Ƙa'idarsa ta 2003 tana ba da wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30, AP ɗin gida kuwa ba kasafai take wuce wannan ba. Amfaninsa a wurinmu babba ne: suwic mai PoE yana zaune a sito, shi ke ciyar da AP ɗin ƙasa da na sama, sai a jona shi da rawuta a kan inbata ko ƙaramin batir guda. Ba sai an ja soket zuwa silin ba, kuma in an ɗauke wuta duk gidan yana nan a haɗe. Tarko biyu ne a nan. Wasu na'urori suna amfani da wani irin PoE mai bolt 24 wanda ba ya tambaya kafin ya tura wuta, kuma bai dace da na ƙa'ida mai kusan bolt 48 ba, don haka a karanta jikin kowace kafin a haɗa. Na biyu, kasuwa cike take da kebul na alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. In ka kankare zaren da reza ka ga fari a ciki, shi ne. Yana saurin karyewa, yana ɗumama idan aka bi da wuta ta cikinsa.

Idan ana son kai Wi-Fi boskwata ko shagon ƙofar gida, kebul ɗin cikin ɗaki da aka rataya a iska tsakanin gini biyu rana za ta cinye rigarsa, tsawar damina kuma tana iya bi ta cikinsa ta ƙone suwic da duk abin da ke jone da shi. A nemi kebul na waje a binne shi cikin fayif tare da na'urar kare tsawa, ko a ja faiba, wadda zaren gilashi ce, wuta ba ta bin ta.

'Yan na'urorin nan da ake sokawa a soket su maimaita sigina, ban ga dalilinsu ba a gidan da ke da kebul. Mai rediyo ɗaya sai ta saurara sannan ta maimaita a tasha guda, gudun ya rabu kusan biyu. Masu bi ta layin wutar lantarki kuma suna shan wahala a gidan da aka raba layukansa tsakanin inbata da janareta da wutar gari. Tsarin mesh, wato AP da yawa da ke aiki tare kamar Wi-Fi ɗaya, yana da kyau, kuma ya fi kyau idan aka jona kowane ɓangarensa da kebul ɗin bango.

Saura tsaro. Da, sai mutum ya shigo ɗakinka kafin ya taɓa tsarin gidanka. Yanzu siginar tana tsallake katanga ta sauka a titi. WEP, kwaɗon farko na Wi-Fi, tun 2001 masana suka nuna yadda ake ɓalle shi, duk na'urar da iyakarta ke nan a ajiye ta. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018, ɗayansu za a zaɓa. Kalmar sirri tana karɓar harafi 8 zuwa 63, kuma jimla doguwa da 'yan gida za su iya tunawa ta fi lambar wayar mai gida, wadda rabin unguwa ke da ita. A kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ta latsa maɓalli ko sa 'yar lamba maimakon kalmar sirri. A 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alƙalami takwas ana tantance ta ne rabi-rabi, har gwaji 11,000 kacal ya isa a gano ta. Kalmar shiga saitin na'urar ma a sauya ta daga wadda ta zo da ita. Cutar kwamfuta mai suna Mirai da ta kama ɗimbin kyamarori da rawutoci a 2016 da irin waɗannan kalmomin masana'anta ta riƙa shiga.

Gidan Bahaushe ba ya rasa baƙi, kuma da nauyi baƙo ya tambayi kalmar Wi-Fi a hana shi. Wayoyin Android na yanzu kuwa suna iya nuna kalmar a hoton QR, wanda aka ba yau ya ba wani gobe. Don haka a buɗe wa baƙi nasu sunan daban, wanda ke kai su intanet amma ba ya kai su ga kyamarori da kwamfutar gida, ana kuma iya sauya kalmarsa duk wata ba tare da an tayar da hankalin 'yan gida ba. Sai dai a gwada shi da gaske, domin wasu rawutoci masu araha idan aka mayar da su AP ba sa killace baƙon yadda suka yi alkawari.

Akwai kuma abin da ke ba masu gida mamaki a watan farko: data ta ƙare da wuri. Waya tana ɗaukar Wi-Fi a matsayin rijiyar da ba ta ƙafewa. Da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji da loda hotuna da ta daɗe tana jinkirtawa. Idan datar gidan ta awo ce, a shiga saitin Wi-Fi na kowace waya da kwamfuta a nuna mata cewa wannan layin mai awo ne.

Abin da ke kan kebul a bar shi a kan kebul. Na'urorin da ke tasha ɗaya layi suke bi, ɗaya ta yi magana saura su jira, don haka talabijin da ke jan bidiyo dare da rana idan aka ɗora ta a iska, wayoyi ne za su ji a jikinsu.

Idan an gama, gwaji huɗu nake yi kafin in nannaɗe kayan aiki. In duba adireshin da waya ta samu, in tabbata dangin na kwamfutar tebur ne. In tura takarda daga waya zuwa firinta ta fito, sannan in koma sunan baƙi in sake turawa in ga ta ƙi. In kira wani ta WhatsApp daga falo in hau matattakala muna magana har ɗakin ƙarshe na sama, in saurari inda muryar ta yanke, in akwai. Daga nan in sa a kashe babban makunnin wutar gidan, in tsaya a ƙofar sito in ga ko fitilun suwic suna nan suna ƙyaftawa.